Awo Ya Fi Zato: Nasiha ga Jikata Mai Karatun Likita

Amaryata,

 Nan Durba lafiya lau. An yi girbi, dawa ta yi kyau, gyaɗa ma ba laifi, sai dai tsufa da ke ta ja mini ƙafa. Kishiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kada ki kuskura ki shigo mata ɗaki da ƙashin mutum a jaka.

Ran nan da kika zo hutu, muna zaune a zaure bayan la'asar, kin buɗe littafi kina ta tsaki. Na tambaye ki lafiya, kika ce an ɗora muku haddar sinadaran homon da sunayen Turawan da suka gano su, mutanen da suka daɗe da mutuwa, kuma ke ba ki ga abin da ya haɗa wannan da marar lafiyar da ke kwance a gado ba. Ban tanka miki ba, don mai jin haushi ba ya jin magana, ga kuma baƙi. Yanzu da gida ya yi shiru, bari in ba ki wani labari wanda ko mahaifinki ban taɓa ba shi cikakke ba. Shekara talatin da biyar na yi riƙe da alli ina koyar da kimiyya a makarantun ƙasar Rano, amma darasin homon da ya fi zauna mini a cikin gidanmu na koye shi, kuma da kunya na koye shi.

Kin tarar da ƙanwata, goggon mahaifinki, Allah ya jiƙanta, tana tsohuwa mai fara'a da yawan barkwanci. A 1979, shekarar da Shagari ya hau mulki, ta yi haihuwarta ta uku a wani ƙauye can bayan Tarai. Damina ce, kuma cikin dare. Yaro ya faɗo lafiya, mabiyiya ta yi gardama, da ta fito sai jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi iya yinta. An canza zani, an canza tsumma, an jiƙa abin da aka sani an ba ta. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti gari ya waye, ta suma har sau biyu. Aka yi mata ƙarin jini ta farfaɗo, muka yi hamdala, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe nan ta fara. Ruwan nono bai zo ba. An dama kunun kanwa, an yi wankan jego safe da yamma, an nemo saiwoyi iri-iri, ko ɗigo. Aka yi arba'in, aka shekara, aka shekara biyu, al'ada ba ta dawo ba. Macen da a da in ta kama taɓarya sai tsaranta su ja da baya, ta koma ko tulu ba ta iya ɗagawa. Ana tsakar zafin bazara tana ƙudundune cikin mayafi tana jin sanyi. Gashin hammatarta ya zube, fata ta bushe ta koɗe, magana ma sai a hankali, in ta miƙe tsaye jiri ya kwashe ta.

Jaririn fa? Kishiyarta tana goyo a lokacin, ita ta ɗauke shi ta haɗa da nata ta shayar da su. Maimakon a gode mata, sai tsegumi ya tashi: ai ita ta janye nonon, ita ta yi sammu don ta raba 'yar mutane da miji. Aka je wurin masu duba, kowanne ya tabbatar mana da abin da muka je da shi a zuciya. Da na so in gaya miki cewa yayanta mai ilimin boko ya tsawatar. Ban tsawatar ba. Ni ne ma na je na tsaya a ƙofar gidan, na faɗa wa baiwar Allah nan maganar da har yau in na tuna sai in ji nauyin kaina. Aure ya mutu. Gidaje biyu da ke zumunci tun kaka da kakanni suka daina gaisawa.

Shekara goma sha uku tana haka, yau lafiya gobe babu. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, irin wanda kowa ke yi ya tashi, ita kuwa sai ta fita hayyacinta. Muka kai ta wani babban asibiti a birni. Likitan da ya gan ta bai tsaya ga zazzaɓin ba. Ya dubi fatarta, ya dubi yadda take magana, sannan ya juyo gare ni: yaushe ta yi haihuwar ƙarshe? An yi zubar jini? Nono ya zo? Al'ada ta dawo? Tambaya huɗu kacal. Aka ɗebi jininta aka auna, aka tarar homon ɗinta sun yi ƙasa ƙwarai. Ya rubuta mata wasu 'yan ƙwayoyi, ya ce ita da su har iyakar rai. Cikin 'yan makonni matar da muka fid da rai da ita ta tashi tana share tsakar gida. Da na tambayi likitan sunan ciwon, sai ya ambaci sunan wani Bature, Sheehan. Irin sunayen nan da kike yi wa tsaki.

Daga ranar na shiga neman ko wane ne wannan mutumin. Harold Sheehan likita ne mai binciken gawa a asibitin haihuwa na birnin Gilasgo da ke Sikotland. Aikinsa shi ne duba matan da suka rasu wajen haihuwa ko bayanta, don a san sanadi. Aiki ne da ba mai tafa wa mutum a kansa. A nan ya lura cewa matan da suka yi mummunar zubar jini, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsu takan mutu. Ya koma ga takardun asibiti ya bi tarihin haihuwar kowacce, ya jera wannan kusa da wancan, sai da ya tabbatar sannan ya buga bayaninsa a 1937. Ki lura, shekara arba'in da biyu ke nan kafin daren da goggonku ta haihu. Amsar tana nan a rubuce, mu muna yawo gidan masu duba.

'Yar tsokar nan ita ce fituwitari. Girmanta kamar ƙwayar gyaɗa, nauyinta wajen rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi wanda masana suka kira sirdin Turkawa saboda kamarsa da sirdi. In mace ta ɗauki ciki, sai ta ƙara girma don shirin samar da nono, buƙatarta ta jini ta ƙaru, gurbin ƙashi kuwa ba ya buɗewa. To in jini ya zube da yawa har ya kasa isa gare ta, sai ta bushe kamar shukar fadama da aka datse wa ruwa.

Lokacin da nake aji, da sarautar ƙasarmu nake kwatanta wa yara wannan. Fituwitari hakimi ce, tana da dagatai a sassan jiki. Akwai tayirod a maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa, shi ke riƙe da ɗumin jiki da kuzari. Akwai wasu 'yan tsoka biyu bisa ƙoda masu fitar da kotisol, wanda ke tallafe ƙarfin jini da sukari in ciwo ko wahala ta zo. Akwai ma'ajiyar ƙwai mai tafiyar da al'ada, akwai kuma nono mai jiran umarnin furolaktin. Jakadun da ke kai saƙo ta cikin jini su ne homon, kalmar da Ernest Starling ya fara amfani da ita a 1905, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Dagatai kuma suna mai da rahoto: in abin da aka nema ya isa, hakimi ya sassauta umarni, in ya yi ƙaranci ya ƙara. Dagatan goggonku duk lafiyarsu ƙalau. Hakimin ne ya faɗi, saƙo ya daina zuwa, kowa ya zauna. Sanyin nan na tayirod ne, jirin da sumar zazzaɓi na kotisol ne, ɗaukewar al'ada ta ma'ajiyar ƙwai ce. Mu muna ganin cututtuka biyar, likita ya ga guda ɗaya.

Amma hakimi ma yana da na gaba da shi, kuma mutumin da ya tabbatar da haka shi ne nake so ki riƙe sunansa fiye da kowa: Geoffrey Harris, ɗan Ingila, haifaffen 1913. A zamanin da ya fara bincike a jami'ar Kambirij, masana suna ɗaukar fituwitari a matsayin mai wuƙa da nama. Shi kuwa ya ce akwai wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamos, wanda ke sakin sinadarai cikin wasu siraran jijiyoyin jini, su gangara ta wani ɗan tsinke zuwa fituwitari su ba ta umarni. Waɗanda suka fara bayanin jijiyoyin nan a 1930 sun ɗauka jinin sama yake hawa. Harris da abokin aikinsa John Green suka sa ɓera mai rai a ƙarƙashin madubin bincike, suka ga jinin da idonsu yana gangarowa ƙasa. Gani ya kori ji.

Bai tsaya nan ba. Ya yanke tsinken, aikin fituwitari ya tsaya. Bayan wani lokaci jijiyoyin suka sake tsirowa suka haɗe, aiki ya dawo. Ya sake yankewa ya sa ɗan ƙyallen takarda a tsakani don kada su haɗe, aiki bai dawo ba. Sannan ya haɗa hannu da wata mata mai suna Dora Jacobsohn, likita 'yar Jamus wadda mulkin Hitler ya kora ta sami mafaka a birnin Lund na Suwidin. Suka cire fituwitarin ɓeraye suka dasa musu wata. Wadda aka dasa daidai ƙarƙashin haifotalamos, inda jijiyoyin nan za su same ta, ta kama aiki har ɓerayen suka ɗauki ciki. Wadda aka dasa a wani gefen ƙwaƙwalwa ta rayu, amma ba ta tsinana komai ba. A 1952 suka buga wannan. Wani babban masani mai faɗa a ji, Solly Zuckerman, ya tashi ya ƙaryata shi. Harris ya koma ɗakin gwaji ya maimaita aikin, ya bar sakamako ya yi magana. A 1955 ya tattara hujjojinsa a littafi, kuma tun daga nan ake kiransa uban wannan fanni, wato ilimin yadda ƙwaƙwalwa ke tafiyar da homon.

Abu ɗaya ya rage: a kamo jakadan a hannu, a ce ga shi. Nan ne haƙuri ya kai maƙura, don abin da haifotalamos ke saki ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Mutum biyu a Amurka suka ɗauki aikin, Roger Guillemin haifaffen Faransa, da Andrew Schally haifaffen Folan, kowa da ɗakin gwajinsa, suna kishin juna kamar kishiyoyi. Guillemin ya riƙa tattaro gindin ƙwaƙwalwar tumaki daga mayanka, Schally kuma na aladu. Sai da aka tace na tumaki fiye da 250,000 kafin a sami miligiram ɗaya, abin da bai kai nauyin ƙwayar riɗi ba. Ki tuna cikar kara a kasuwar Wudil ana jajibirin babbar Sallah, ki ninka, ki sake ninkawa. A 1969 suka gano siffar jakadan farko, mai tayar da tayirod. A 1971 aka gano mai tafiyar da haihuwa. A ƙarshen wannan shekarar Harris ya rasu yana farfesa a Oksfod, yana da shekara 58. A 1977 aka ba Guillemin da Schally kyautar Nobel. Ba a ba mamaci wannan kyauta, don haka wanda ya nuna hanya bai samu ba. Wani ke dasa giginya, wani ya sha inuwa.

Mutum na uku da aka ba kyautar a wannan shekara mace ce, Rosalyn Yalow. A wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin Niyok, ita da Solomon Berson suka ƙirƙiro, a ƙarshen shekarun 1950, dabarar auna homon a cikin 'yar ɗigon jini. Kafin su, galibi likita sai dai ya duba alamu ya yi kintace. Awon da aka yi wa jinin goggonku jikan wannan dabara ne. Ki ƙirga da kyau: mai binciken gawa a Gilasgo, mai ɓeraye a Kambirij, 'yar gudun hijira a Lund, mai awo a Niyok. Ba wanda ya taɓa jin sunan Durba a cikinsu, amma duk hannunsu na cikin 'yan ƙwayoyin da suka tayar da ƙanwata.

Kada ki ce ai duk Turawa ne, mu namu haddacewa. Bari in kawo miki maganar gida. Haifotalamos na yin wani homon mai suna oksitosin, ya ajiye shi a bayan fituwitari. In jariri ya kama nono, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, a saki oksitosin, nono ya sauko, mahaifa kuma ta matse. Shi ya sa mai jego ke jin mara na murɗa mata in tana shayarwa, kuma matsewar nan ita ke tsai da jini. Saboda haka sa jariri a nono da zarar an haife shi alheri ne ga shi da uwar, dakashin nan da wasu tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar kuwa shi ne rigakafinsa na farko. Tun 1906 Henry Dale ya nuna cewa ruwan fituwitari na matse mahaifa. A 1953 Vincent du Vigneaud ya harhaɗa oksitosin a ɗakin gwaji, ya sami Nobel a 1955. Ita ce allurar da ake yi wa mace a asibiti da zarar ta haihu. Matsalarta ɗaya a ƙasa irin tamu, zafi na rage mata ƙarfi, sai an ajiye ta a firji, ke kuwa kin san halin wutarmu. Don haka ne a 2018 aka kammala gwajin wata 'yar'uwarta mai jure zafi, karbetosin, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya.

A Zariya, tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta bayanin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Da aka buga sakamakon a 1985, ya nuna ƙarara cewa matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Goggonku tana cikin irinsu, Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Ga kuma wadda ke nan kusa da ke, a Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Farfesa Hadiza Galadanci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zubar jini bayan haihuwa na kashe mata wajen 70,000 duk shekara. Ma'auninsa kuwa rabin lita ne, wato cikin ledar fiya wata guda. Amma jinin da ya jiƙa zani ya bi ƙasa, wa zai iya cewa ga yawansa? Da ido ake kintatawa, ido kuwa yakan raina. Farfesa Hadiza na cikin jagororin wani bincike da aka yi tare da Jami'ar Bamingham da Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar ba ta da wuya: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jini ya taru a ciki ana gani. Da ya kai layi, ba jira, a haɗa komai lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a ba da maganin da ke hana jini tsinkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Inda ake kintace da ido, kashi 51 cikin ɗari na masu zubar jini ake ganewa. Inda aka sa ledar awo, kashi 93. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. A watan Mayu na 2023 aka buga wannan, a 2024 kuma mujallar TIME ta sa Farfesa Hadiza cikin mutum ɗari masu tasiri a harkar lafiya a duniya. Bahaushiya ce kamar ki, da lulluɓinta. Duk macen da aka tsai da jininta da wuri, an tsare ranta, an kuma tsare mata ƙwayar gyaɗar nan da ke cikin sirdi.

To, amaryata, ga abin da nake so ki ɗaure a bakin zaninki.

Ki iya tambaya, ki kuma iya jiran amsa. Matanmu suna da kunya. Macen ƙauye ba za ta buɗe baki ta ce miki al'adarta ta ɗauke ko gashin jikinta ya zube ba, balle a gaban miji ko suruka. Za ta ce miki jiki ne ba ƙarfi. In kika rubuta mata maganin ƙarin jini kika kira ta gaba, kin sallame ta zuwa wasu shekaru goma sha uku. Ki fitar da mutane, ki sassauta murya, ki kira ta Inna ko Yaya, ki tambayi haihuwarta ta ƙarshe.

In kin yi zargi, ki auna. Ba duk wadda nono ya ƙi zuwa ke da ciwon Sheehan ba, ba kuma duk kasala ce ta homon ba. Yunwa na sa haka, ƙarancin jini na sa haka, damuwa ma na sa haka. Likitan da ya yanke hukunci ba awo, da mai duban da ya karɓi kuɗinmu, hanyarsu ɗaya, farar riga ce kawai ta raba su. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Namu bai ma zama gaskiyar ba.

Ki ji tsoron homon kamar yadda kike girmama shi. Ƙwayar da ta tayar da goggonku, danginta ne 'yan mata ke saye a kemis suna sha don ƙiba, wadda suke kira sha-ka-fashe, kuma akwai irinsa a cikin wasu mayukan bilicin. In kotisol na shigowa daga waje kullum, hakimi sai ya ga ai kaya sun wadata, ya daina aika saƙo, 'yan tsokar bisa ƙoda su yi barci. Fuska ta kumbura a ɗauka ƙiba ce, sukari da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Ranar da aka daina sha farat ɗaya kuwa, jiki ba shi da nasa, ana iya rasa rai. Ki gaya wa ƙannenki da ƙawayenki. Wadda ta riga ta saba da shi, likita ne zai janye mata sannu a hankali.

Kada karatu ya sa ki raina mutanenki. Wanda ba a kai wa ma'auni ba, da zato zai yi aiki. Ungozoma irin wadda ta karɓi haihuwar goggonku ita ta karɓi rabin garin nan, kuma har gobe ita ake fara bugawa ƙofa da tsakar dare. In kika zage ta, ta rufe miki ƙofar gidajen da take shiga. In kika zauna da ita kika nuna mata ledar fiya wata kika ce, Inna, in jini ya kai wannan kada a jira asuba, kin sami abokiyar aiki. Mazan kuma ki bar mu da su, mu tsofaffi, amma ki ba mu abin faɗa: a bar mace ta je awo, a tanadi kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, a san mai motar da za a kira, a san 'yan'uwan da za su ba da jini, kuma maigida ya ba da izini tun kafin ya yi tafiya, kada a zauna jiran dawowarsa daga kasuwa mace na zubar da rai.

In kuma Allah ya sa kin bi hanyar bincike, ki shiga da haƙurin manomi. Harris bai ga kyauta ba, Sheehan ya yi shekaru tsakanin gawa da takardu, amma aikinsu ya iso har ƙauyen bayan Tarai. Ki zaɓi tambayar da ke damun mutanenki, ki bi sawunta har gida. Mata nawa ne tsakanin Durba da Fammar da Kahu da Nariya ke zaune yau cikin mayafi ana zafi, ana cewa iska ce ko sammu? Wannan ma abin ƙirgawa ne, kuma wadda ta san harshensu ta san kunyarsu ita ta fi cancanta ta ƙirga.

Saura abu ɗaya. Bayan goggonku ta warware, na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ran na huɗu na hau kekena na tafi ƙauyen nan, na yi sallama a ƙofar da na taɓa tsayawa ina zage-zage. Matar ta fito, ta tsufa, na durƙusa na gaya mata abin da likita ya ce, na nemi gafara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai ni na daɗe da yafewa. Yaron da na shayar ɗana ne." Yaron nan shi ne baffanku da ke zuwa mana da rake duk kaka, kuma har ta rasu shi ke yi mata noma. Ta yafe, amma shekara goma sha uku da ta yi ana nuna ta da baki a gidan biki da gidan suna, ba ni da yadda zan mayar mata da su.

Don haka ki koma ki buɗe littafin nan, ki haddace sunayen, ki san abin da kowannensu ya auna. In kin zo hutun Sallah ki taho da shi. Na riga na yi magana da kishiyarki, za ta tara matan unguwa a tsakar gida bayan azahar, har da ungozoma, ki yi musu bayani da Hausa yadda za su gane. Ta kuma ajiye miki kuka da daddawa.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa hannunki ya zama na waraka.

Kakanki,
daga Durba.